Sharar Maraɗi: mota muke buƙata ko rariya?

Baban Nana (Bagalam):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ruwan da aka yi daren Talata shi ya sa na ga bai kamata in ci gaba da yin shiru ba a kan wata magana da ta daɗe tana cina. Da asuba na fito zan tafi masallaci, sai na tarar kaniwon, wato magudanar ruwan, da ya bi ta ƙofar gidanmu ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bar hanyarsa ya shiga zaure har ya jiƙa tabarmin da yara suke karatu a kai. Da hantsi muka taru da samarin layi, kowa da shebur ko manjagara, muka yashe shi tun daga bakin kwalbati har kwanar gidan mai unguwa. Abin da muka fitar ya haɗa da baƙar leda, da ledar ruwan sha, da robar lemo, da tsummoki, amma abin da ya fi yawa nesa ba kusa ba shi ne rairayi. Muka tara shi tsibi-tsibi a gefen hanya kamar yadda aka saba, kowa ya wanke hannunsa ya tafi. Yau kwana uku ke nan, babu wanda ya ɗauke, kuma awaki da iska sun riga sun mayar da rabinsa inda muka ciro shi.

Iyayenmu sun ba mu labarin ambaliyar 1945 wadda ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, har aka hauro da jama'a kan tudu. Wancan ruwa daga Allah ne, amma wanda yake shiga zaurena yanzu da hannunmu a ciki. A ƙidayar 2012 mutanen birnin nan sun haura 267,000, kuma duk mai ido ya ga yadda gari ya bazu tun daga lokacin. Tambayata ita ce, wace hanya ce mai ɗorewa, wadda ba gayyar tsabta ta yini guda ba, da gari irin namu mai ƙaramin ƙarfi zai iya bi?

Ɗan Jami'a (Ali Ɗan Sofo):
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Matsalar ba ta Maraɗi kaɗai ba ce. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa a 2016 duniya ta samar da shara tan biliyan 2.01, kuma ana hasashen za ta kai tan biliyan 3.4 a 2050. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun samar da tan miliyan 174, kuma nan ne ake sa ran adadin zai ninka kusan sau uku. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 48 cikin 100 na sharar birane ne kawai ake kwashewa, a karkara kuwa kashi 26, sannan fiye da kashi 90 ana jibge ta ne a fili ko a cinna mata wuta. A ganina mafita ita ce a sayo motocin shara na zamani masu matse kaya, a gina juji na ƙa'ida a bayan gari, idan da hali ma a kafa masana'antar da ke ƙona shara tana ba da lantarki, kamar wadda Habasha ta buɗe a Adis Ababa a 2018. Ga shara ta dame mu, ga ɗaukewar wuta ta dame mu, me zai hana a haɗa su su kashe juna?

Bamaraɗe a Yamai:
Ƙanena, alƙalumanka daidai ne, amma ina roƙonka ka koma ka sake karanta abin da Baban Nana ya ce sun ciro daga kaniwo, domin amsar tana nan. Kafin a yi maganar mota ko masana'anta, ya kamata a fara tambayar mene ne a cikin sharar. Tsakar gidajenmu ƙasa ce, ana share ta safe da yamma, kuma duk lokacin da tsintsiya ta bi sai ta kwaso rairayi fiye da dattin da aka yi niyyar kwashewa. Ka ɗaga bokitin shara na kowane gida a garin nan ka ji nauyinsa, za ka tarar rairayi ne da toka da kashin awaki suka ba shi nauyi. Motar da ke matse shara an ƙera ta ne domin garuruwan da shararsu kwali ce da takarda da gwangwani, masu cika wuri ba nauyi. Rairayi ba ya matsuwa, sai dai ya cinye ƙarafan injin, ya karya mota da nauyi, kuma ranar da wani ƙarfe ya lalace sai an jira shi daga ƙetare. Duk wanda ya zaga garuruwan Afirka ta Yamma ya ga irin waɗannan motoci a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu.

Masana'antar ƙona shara kuwa tana son busasshiyar shara mai cin wuta, kuma rairayi ba ya ci. Za ka sayi gazuwal ka ɗauko ƙasa daga Bagalam ka kai ta tanderu, sannan ka sake sayen gazuwal ka fitar da ita. Game da Adis Ababa, kada mu manta cewa masana'antar tana gefen jujin Koshe ne, wanda ya zabtare a watan Maris na 2017 ya kashe mutum sama da 100, yawancinsu talakawan da suka yi gidaje a gindinsa. A watan Agusta na 2024 irin haka ta faru a jujin Kitezi na Kampala, mutum sama da 30 suka rasu. Shara idan aka tara ta tsauni guda ba tare da an rarrabe ba, tana ruɓewa daga ciki, tana fitar da iskar metan mai kama wuta, ruwan sama yana ratsa ta ya tafi da dauɗa cikin ƙasa. Mu da muke shan ruwan rijiya da na burtsatse, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Shi wannan rahoto da ka ambata ya ce a ƙasashe irin namu harkar shara tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kasafin hukumomin birane, amma duk da haka rabin shara tana nan a kan titi. Saboda haka ni a wurina tambayar ba nawa za a ƙara kashewa ba ce, tambayar ita ce ta yaya za a rage abin da ake ɗauka tun daga ƙofar gida.

Mai Lambu (Jiratawa):
Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Tun ina yaro mahaifina yake aikena da jaki cikin gari in ɗebo juji mu zuba a gona, kuma a lokacin har godiya ake yi wa mai gidan da ya bar ka ka kwashe nasa. Jujin da ya shekara ya yi baƙi, ka damƙa ka ji shi da laushi kamar garin ƙuli, babu takin kanti da ya kai shi riƙe danshi a ƙasa mai rairayi irin tamu. Manoman kewayen Kano ma da wannan suka rayu shekara da shekaru, suna noma gona ɗaya ba hutu.

Abin da ya ɓata wannan ciniki leda ce. Bara na sayi amalanke shida na juji na zuba a fegin albasa, sai da na ɗauki yara biyu kwana huɗu suna tsince leda da fasassun kwalabe da batura, kuma duk da haka da na zo huɗa sai hauya ta riƙa ciro ledar da ta nutse. Inda leda ta kwanta saiwa ba ta ratsawa, ruwa kuma yana taruwa a kanta ya ruɓar da shuka. Ɗaya daga cikin yaran ya yanke a tafin ƙafa, kuɗin likita ya kusa kai kuɗin takin. Bana ban saya ba. Amma ina faɗa a gaban kowa, duk unguwar da za ta ba ni juji tankaɗaɗɗe wanda babu leda babu kwalba, zan saya da kuɗi hannu, kuma na san masu lambu da yawa a nan da Tibiri da Madarunfa da za su yi layi.

Ɗan Mahauta:
Ni ba mai dogon rubutu ba ne, amma ga abin da nake gani a wurin aiki. Da wuya mako ya wuce ban farke tumbin akuya ko na tunkiya na tarar da leda a dunƙule kamar gammo ba, wani lokaci har ta haɗe da igiya ta yi tauri. Mai dabba zai ce maka tana cin abinci amma kullum ramewa take yi, ya kashe kuɗi a kan magani, ashe ciki ne ya toshe. Jar akuyar da garin nan yake alfahari da ita, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ita ce take kiwo a kan juji.

Hajiya Maman Sa'a (Zariya):
Ina gaishe da malamai, amma ku yi mini haƙuri, duk wannan rarrabewa da tankaɗewa da kuke ta faɗa, hannun wa zai yi ta? Mace ce take shara, yarinya ce take ɗaukar bokiti a ka ta kai kango. Ku maza kuna fita da safe, ba ku san ma inda ake zubarwa ba. Idan za a ce in ajiye bokiti uku maimakon ɗaya, to sai an gaya mini abin da zan samu, kuma sai an tabbatar mini cewa wanda zai zo ɗauka ba zai juye su duka cikin amalanke ɗaya a gaban idona ba.

Kuma an taɓa cizon mu. Shekarun baya wata ƙungiya ta zo layinmu da rasit da riguna iri ɗaya, aka ba kowane gida rabin tano, aka ce mu riƙa biyan jika ɗaya a wata. Wata uku na farko ana zuwa sau biyu a mako, daga nan ya koma sau ɗaya, daga nan sai mai karɓar kuɗi kaɗai muke gani. Da kuɗin masu tallafa musu ya ƙare, sai suka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Tanon yana nan, na mayar da shi mazubin dusa.

Baban Nana (Bagalam):
Hajiya, gaskiyarki, kuma na karɓi laifin a madadin maza. Na tambayi mai ɗakina yanzu inda ake kai shararmu, ta yi dariya ta ce yau shekara talatin da aure sai yau na tambaya.

Alhaji na Babbar Kasuwa:
Tunda an fara ɗora wa leda laifi, bari mu da muke sayar da ita mu ce wani abu. Doka tana nan, lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014, wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da leda marar kauri a Nijar. Ban musa ba. Amma mai sayen man gyaɗa na dala goma, ko mai sayen koko, ko tumatir na dala ashirin, a cikin me za a zuba masa? Da can mace tana zuwa kasuwa da kwando da ƙwarya, mai tsire yana naɗewa a takardar siminti, mai goro yana da ganyensa. Yau mutum zai fito hannu rabbana, ya sayi abu biyar, ya nemi leda biyar, idan ka hana shi ya wuce shagon gaba. Ga kuma iyaka a kusa, ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, abin da aka hana a nan yana nan jibge a can. Idan ana so a daina, a kawo abin da zai maye gurbinta a farashin da talaka zai iya.

Ɗan Jami'a (Ali Ɗan Sofo):
Alhaji, Allah ya ba ka nasara, amma wasu ƙasashen sun yi kuma ya yiwu. Bangaladash ta hana tun 2002 bayan an gano cewa leda ce ta toshe magudanan ruwa ta tsananta ambaliya. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgin sama ana karɓe ta daga hannun baƙi, kuma suna da gayyar aikin gari a Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata. Kenya ta bi sahu a 2017 da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara huɗu. Mu dokarmu ta girmi ta Kenya da shekara uku.

Bamaraɗe a Yamai:
Ta girme ta a takarda. Ruwanda ƙasa ce ƙarama mai iyakokin da ake iya tsarewa, mu kuwa iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kowa a nan ya san hanyoyin da babur yake bi. Ban ce a watsar da dokar ba, amma kada mu jingina tsabtar layinmu a kanta. Ledar ruwan sha da robar lemo da fasassun bokitai suna da masu saye, ana narkar da su a sake yin wasu kaya, wasu kuma suna haɗa narkakkiyar leda da yashi su buga pabe na shimfiɗa hanya. Baƙar ledar nan mai shara-shara ita ce babu mai so, domin sai ka tara buhu guda kafin ta yi nauyin kirki. Ita ce ya kamata doka ta sa wa ido, sauran a bar wa kasuwa.

Malamar Likita (Sabon Gari):
Ina so in ja hankali kan abu biyu da ba a ambata ba. Na farko ƙona shara da ake yi da magariba a bakin layi, musamman lokacin hunturu da hayaƙi yake kwantawa ƙasa ba ya tashi. Leda da roba idan suna ci a ƙaramar wuta irin wannan suna fitar da guba, ciki har da wadda ake kira diyoksin, kuma masu asma da jarirai su ne suke fara jin jiki. Uwa za ta kawo yaro yana tari ta ce sanyi ne, idan ka bincika sai ka ji jujin layinsu kullum cikin hayaƙi yake. Na biyu, kaniwon da ya toshe gidan sauro ne, kuma idan ya haɗu da bayan gida a damina, kowa ya tuna kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ta bazu cikin jihar nan.

Sai kuma yaran nan 'yan jari bola da suke tona juji da hannu babu safa babu takalmi. Allurar da aka yi wa mara lafiya a gida, da reza, da batura, duk cikin bokiti ɗaya ake jefa su. Ko ba a yi komai ba, ina roƙon kowane gida ya sami gwangwani mai murfi ya riƙa jefa masu kaifi a ciki.

Mai Amalanke (Sura Bildi):
Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kwasar shara da jaki, ina da gidaje wajen arba'in da nake bi, wasu suna biya a wata, wasu duk zuwa su ba ni dala ashirin ko talatin. Babu ƙungiyar da ta ɗauke ni, babu mai tallafa mini, kuma ban taɓa fashin mako guda ba sai da jakina ya yi ciwo. Hajiya ta ce ana juye komai wuri ɗaya, to ni ba na juyewa, domin ƙarfe da gwangwani da roba kuɗi ne, akwai buhu rataye a gefen amalanke saboda su. Abin da yake kashe ni shi ne nauyin ƙasa da nisan wurin zubarwa. Kangon da nake zubawa bara an gina shi bana, wanda na koma mai shi ya kore ni. Idan mata za su tankaɗe shara su bar ƙasarsu a gida, gidan da nake ɗauka sau biyu a mako sau ɗaya ya isa, kuma zan iya ƙara gidaje. Abin da nake tsoro shi ne ranar da aka kawo manyan motoci a ce mu ne masu ɓata gari a kore mu.

Bamaraɗe a Yamai:
Baba, tsoronka yana da tushe, domin an yi haka a Alƙahira. Akwai mutanen da ake kira Zabbalin, waɗanda suka gaji kwasar shara gida-gida, suna rarrabe ta da hannu, har ana ƙiyasta cewa suna mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwasa ya zama abin amfani, adadin da biranen Turai da yawa ba su kai ba. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin ƙetare kwangila, aka ajiye manyan mazubai a titi, amma abin da kamfanonin suke sake sarrafawa bai kama ƙafar na Zabbalin ba. A 2009 kuma aka yanka aladun Zabbalin da suke cinye ragowar abinci, sai ruɓaɓɓiyar shara ta taru a titunan birnin. A birnin Pune na Indiya akasin haka aka yi: masu tsintar shara, yawancinsu mata, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa mallakarsu mai suna SWaCH, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar birni a 2008. Gidaje suna biyan mai kwasa kai tsaye, hukuma kuma tana ba da kayan aiki da wurin tarawa, tana ɗauke ragowar da babbar mota. A Bamako ma ƙananan ƙungiyoyi masu amalanken jaki ne suka daɗe suna kwasa daga gidaje.

Wannan shi ne rabon aikin da nake ganin zai dace da mu. Amalanke ta shiga lungu, domin mota ba ta iya shiga rairayin unguwanninmu. Hukuma ta keɓe fili a kowace unguwa, da takarda, wanda ba za a wayi gari an yanka shi fuloti ba, ta kuma riƙa kwashe abin da ya rage bayan an cire ƙasa da taki da abin sayarwa. A nan ne motar Ɗan Jami'a take da amfani, kuma tifa ta yau da kullum wadda kowane makanike a garin nan zai iya gyarawa ta wadatar.

Hajiya Maman Sa'a (Zariya):
Idan mai amalanke zai rage mini kuɗin wata saboda na tankaɗe, na yarda in gwada. Amma rariyar ku maza za ku saya, irin ta magina mai ƙafa, ba ta tankaɗen gari ba.

Baban Nana (Bagalam):
Na yi magana da mai unguwa bayan la'asar, ya amince mu gwada da gidajen layinmu daga makon gobe. Wani mai walda a cikinmu ya ɗauki nauyin rariya biyu, kuma ƙasar da aka tankaɗe za mu riƙa cike ramukan da ruwa ya ci a bakin hanya da ita. Mai Lambu, toka da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa za mu tara maka su gefe guda, amma ka faɗi farashinka tun yanzu kada mu yi faɗa daga baya.

Mai Lambu (Jiratawa):
Sai na gani da idona na damƙa da hannuna, Malam. Ɗanyen juji yana ƙona shuka, sai an tara shi an riƙa yayyafa ruwa ana juyawa kamar wata biyu zuwa uku kafin ya nuna, kuma ban ji wanda ya ce zai ba da ruwan ko filin da za a yi wannan ba.

Mai Amalanke (Sura Bildi):
Zan zo Bagalam ranar Asabar da safe in ga layin. Amma tsibin da kuka ciro daga kaniwo jiƙaƙƙe ne, jakina ba zai iya jan sa ba sai ya sha iska kwana biyu, kuma har yanzu ba a gaya mini inda zan kai baƙar ledar da babu mai saye ba.